Injin da Aka Cire wa Makunni

Kwana tara mai tayil ya yi a durƙushe a falon nan, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Farin tayil ne mai sheƙi, wanda mai ginin ya sa aka kawo daga nesa, babu ko ɗaya na ƙari. Ya kuma ce in falon ya yi masa, ɗakuna shida na sama duk na mai tayil ne.

Ana saura layi ɗaya, makunnin injin yankan tayil ya mutu. Mai wayarin, ƙanin matarsa, wanda mai tayil ya kawo wurin, ya ce wannan ai ciwon da ba ya kai mutum asibiti ne. Ya cire makunnin, ya haɗe wayoyin ya naɗe da salatif. A soka a soket ya tashi, a zare ya mutu.

Da rana janareto ya shanye mai, injin ya yi shiru. Mai tayil ya ajiye shi a ƙasa ya fita wanke fuska bai zare ba, don shekara ashirin hannunsa da makunni ya saba. Can wani ya zuba mai ya tayar da janareto.

Kafin ya shigo da gudu, injin ya zaga falon kamar ɗan akuyan da ya tsinke. Tayil bakwai ya tsaga, daidai inda ido ke fara sauka.

Kafinta na bakin ƙofa yana cewa wannan ya fi leburori himma, ko babu mai tsaronsa aiki yake. Mai wayarin ya danne dariya ya ce, "Yaya, ka dai ga gyarana bai mutu ba."

Mai tayil ya wanke shi tas. Ya ce wanda ya koya masa wayarin ya cuci duniya, ko fitilar kaji ba za a ba shi ya haɗa ba, da ba don idon yayarsa ba da yau ya kwana da guduma a ka. Amma maganar kai ƙara ba ta taso ba. Shi ya kawo mai wayarin, shi ya bar injin a soke, mai ginin kuma gobe da safe zai zo.

Ya tambayi kafinta inda kabad ɗin bango zai zauna. Aka auna, zai rufe tayil takwas. Su zai ciro, ya maida masu tsaga ƙarƙashin kabad. Kafinta ya ce shi makaho ne, muddin za a daina ɗaukar masa tsani ba tambaya.

Ciro lafiyayyen tayil sai an yanke gefensa da injin. Mai tayil ya tsugunar da mai wayarin a gindin soket.

"Tunda ka cire makunni, kai ne makunnin. Na ce soka, ka soka. Na ce zare, ka zare. Ka buɗe baki, da kai zan cike ramin."

Biyu suka fashe, shida suka fito lafiya. Ya musanya su da masu tsaga. Na bakwai, wanda tsagarsa ta fi siranta, ya cusa masa farin siminti yana tsaki.

Da safe mai ginin ya tsaya tsakiyar falo ya waiwaya ko'ina, ya ce aiki ya yi, a hau sama. Mai tayil bai ko yi murmushi ba. Idonsa na kan takalmin mutumin, wanda ya take tsagar, yana jiran ya ɗaga ƙafa.