Na Biyu a Ƙofar Akurki

Kapembwa yana cikin watsa wa kaji dusa rediyo ya faɗi sunan: Chilufya na Ndola, tsohon makaɗin jita, ya rasu jiya. Ya kai hannu ya murɗe rediyon kamar zai karya shi, sannan ya leƙa ta saman shingen da ya raba gidansa da na Maseko. Tagar ɗakin Maseko a buɗe take. Ba abin da ke fitowa sai tari, irin na waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ramin tagulla.

A jikin ƙofar akurkin akwai rubutun alli. Shekara talatin ke nan su biyun suna rigima ɗaya: wane ne gwanin gwanaye cikin waɗanda suka kaɗa jita a salon kiɗan rok a garuruwan ma'adinai, lokacin da birnin Kitwe yake Kitwe. Da suna goma suka fara, kuma rayayyu kaɗai ake jerawa. Wanda ya mutu a goge shi, na ƙasa su hau. Kapembwa ne mai alli, don shi bai taɓa riƙe jita ba, kunne kawai Allah ya ba shi. Maseko kuwa, da ya yi shekara tara yana kaɗawa kafin yunwa ta tura shi rami, a na tara aka ajiye shi. To, yaya za a yi? Kapembwa ɗan ƙabilar Bemba ne, Maseko ɗan Ngoni, abokan wasa tun kaka da kakanni. Yabo a tsakaninsu abin kunya ne.

Abin da Kapembwa bai gaya wa kowa ba shi ne ya fara tsoron layin farko. Mutum huɗu a jere, duk wanda ya rubuta a sama bai ga damina biyu ba. Yau Chilufya ya zama na biyar, kuma sunan da ke ƙarƙashinsa Maseko ne. Ya dubi allin a maƙale cikin tsagar katako, ya bar shi a wurin.

Da ya shiga gidan, Maman Dalitso, matar Maseko, ta ɗaga masa labule. Ɗakin yana warin man zafi, tuwon masarar safe yana kan kujera ba a taɓa ba.

"Maci ɓera, har yanzu kana kwance? Lalacin mutanenku ba ya ƙarewa," in ji Kapembwa.

"Maci biri," in ji Maseko, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. "Na ji rediyonka ya yi shiru ɗazu."

"Batir ne."

"Chilufya fa?"

"Yana nan daram. Ya ce a gaishe da yaronsa."

Maseko ya daɗe yana kallonsa. "Zauna, Baban Mwape. Yau ɗaya, ban da wasa, tsakaninka da Allah. Ni da shi, wa ya fi?"

Kapembwa ya san amsar tun yana saurayi. Wata Asabar ce a zauren ma'aikata, igiya ta tsinke wa Maseko ana tsakiyar waƙa, bai tsaya ba. Ya sassauta kiɗan, ya rinƙa lanƙwasa sauran biyar ɗin har jitar ta yi kuka kamar mace a bakin kabari. Chilufya gudu yake da shi, yatsu kamar na ɓarawo, amma bai taɓa sa ƙaton namiji ya ɓuya bayan ginshiƙi yana share ido ba. Maganar ta zo wa Kapembwa har baki. Sai ya ga ƙasusuwan wuyan abokinsa, ya ji cewa in ya faɗa, ya yi masa sallama ke nan.

"Kai da yatsunka na tonon ɓera? Na biyun ma mutuwa ce ta ba ka kyauta."

Maseko ya yi dariya har tari ya murɗe shi. Da ya lafa, ya nuna jitar da ke rataye a ƙusa. Kapembwa ya ɗora masa ita a ƙirji. Yatsun hagu suka bi wuyanta suna neman wurarensu, amma hannun dama bai iya kaɗa komai ba.

Kapembwa ya fita yana ce wa kansa, bari damina ta wuce. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan tsaunin tokar ma'adinai, ya tsaya cak, ya ƙi zubowa. Washegari da azahar yana gyaran shinge ya ji ihun Maman Dalitso.

Tsokanar dangin mamaci a gidan makoki aikin abokan wasa ne, kuma Kapembwa bai gaza ba. Ranar binnewa ya ɗauki kwanon garin masara, ya bi dangin mamacin yana shafa musu a fuska, yana cewa mutuminsu ya gudu ne don ɓeraye sun yi tsada. Aka yi ta dariya cikin hawaye. Da ya iso tabarmar mata, Maman Dalitso ta riƙe masa hannu.

"Baban Mwape, mu ma muna da rediyo. Ya ji sanarwar nan kafin ka shigo."

Kwanon ya yi masa nauyi.

"Da ka fita ya sa na juya masa gado wajen taga. Ya ce, bari in ga ko maci birin nan zai ɗauki alli. Har washegari idonsa yana kan ƙofar kajinka."

Kapembwa bai bi ta ƙofa ba, ta ɓarakar shinge ya ratsa zuwa akurkinsa. Ruwan da ya yi kwana uku yana barazana ya fara sauka, manyan ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Ya goge Chilufya da gefen hannu, ya zaro allin, ya tarar ya jiƙe, yana dagargajewa a yatsunsa. Sai ya tsoma yatsa a kwanon gari ya fara rubuta sunan Maseko a layin farko. Yana kan harafi na uku, na farkon ya riga ya soma gangarowa a jikin katakon.