Jegon Malam Inuwa

Ranar da Suwaiba ta tafi hutun haihuwa, Malam Inuwa ya gaji kujerarta da kwamfutarta a ofishin ƙungiyar manoman rani da ke Tiga. Mutumin naku kuwa akwai son a san da zamansa, don haka tun kafin kujera ta huce ya sa aka cire sunanta a imel ɗin ofis aka sa nasa: Inuwa Ubale, Sakatare.

Abin da bai sani ba, Suwaiba ta kunna amsar nan mai tafiya da kanta. Duk wanda ya rubuto sai ya ga: "Ina hutun haihuwa, sai na yi arba'in. Inuwa Ubale, Sakatare."

Ga tumatir ya nuna jajawur a gonaki. Kamfanin da zai turo motocin ɗauka daga Kano ya rubuto yana tambayar rana, amsa ta tafi abinta. Mutanen kirki, sai suka maido: "Barka da arziki! Ba za mu takura wa maijego ba, za mu jira."

Inuwa ya rubuta musu cewa kuskure ne. Suka amsa, amsar jego ta sake tafiya. Ya buga waya, matar da ta ɗauka ta ce, "Maigidan ne? Ka gaishe mana ita, ka bar ta ta huta mana!"

Shugaban ƙungiya, Alhaji Uzairu, ya shigo yana huci. "Ko ka kashe abin nan, ko ka cinye tumatirin nan kai kaɗai!"

Tsoro ya kama Inuwa sosai, don har da gonar mahaifiyarsa a ciki. Ya shiga laluben wurin kashewa. Ya danna nan ya kai shi can, can ya maido shi nan. Ya mai da allo kore shar, ya juya rubutu ya koma Faransanci, ya dawo da shi da ƙyar. Amsar jego dai tana nan daram.

Wayar Suwaiba a kashe. Ya hau achaɓa sai gidansu a garin Ƙofa. A zaure kakarta, Iya Barakatu, ta tare shi.

"Ina za ka, ɗan nan? Ƙato da kai, ɗakin maijego? Faɗa mini, ni zan kai."

Ya yi bayani yana sosa ƙeya. Tsohuwa ta shiga, ta daɗe, ta fito tana dariya har da riƙe ƙugu.

"Ta ce ka daina yawo lungu-lungu. Can sama akwai wani ɗan akwati mai hoton ludayi. Ka rubuta abin da kake nema a ciki, zai kai ka har ƙofa."

"Shi ke nan, Iya?"

"Ta ce kuma in ka samu ka maƙala shi a sama kusa da hannu, don ba daga wannan haihuwar za ta tsaya ba, in sha Allah."

Ya koma, ya ga ludayi, ya rubuta. Sai ga wurin ya buɗe, abin da ya sa shi wuni yana gumi. Ya kashe, ya maƙala, ya rubuta wa kamfani cewa an gama jego.

Washegari motoci suka iso, manoma suka taru da kwanduna. Direban gaba ya sauko da jaka, ga sabulai, ga turmin atamfa, ga kayan jarirai. Ya ɗaga murya.

"Saƙon barka ne daga ofis. Ina Hajiya Inuwa?"

Alhaji Uzairu ya nuna Inuwa da baki.

Inuwa ya dubi jakar, ya dubi kwandunan mahaifiyarsa ana ɗora su a mota. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

"Allah ya raya!" manoma suka ce baki ɗaya.

"Amin," in ji Malam Inuwa.