Almakashin Yaya

Tun da cikin Auta ya fito, magana ɗaya take nanata wa Yayanta: ya sauko mata da muryar Mama. So take yi abin da za ta haifa ya ji kakarsa, ko da a waya ne.

Mama, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda da rubuta saƙo ba. Danna waya take yi ta yi ta magana, faɗa a ciki, addu'a a ciki, labarin maƙwabta a ciki, wani lokaci ma ta manta ba ta kashe ba, a ji ta tana 'yar waƙarta tana ninke kaya. Bayan rasuwarta Yaya ya tattara saƙonnin nan kaf ya zuba su a rumbun ajiya guda, ya raɗa masa suna "sauti". Daga baya wayar Mama ta mutu, ta Auta aka sace, ta Yaya aka canza. Babu wanda ya damu, tunda ai Yaya ya adana.

Ajiya dai ita ce sana'arsu. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai gyaran firinta, tebur biyu, fanka mai ƙara, da butar shayin da kowa ke jiran ɗan'uwansa ya wanke. Suna kula wa ƙananan kamfanoni da kayansu a gajimare, wato kwamfutocin wani babban kamfani da ake haya daga nesa. Ba da hannu suke gina komai ba. A fayil suke rubuta abin da suke so, injin ya karanta ya gina, in sun ce ya rushe ya rushe. Kowane mai hulɗa da su da asusunsa daban, na gidansu ma daban.

A can gajimaren kowane abu yana da cikakken suna mai tsawon tsiya: irin abin, yankin da yake, lambar asusun mai shi, sai a can ƙarshe ɗan gajeren sunan da mutum ya sa masa, ɗigo biyu na raba kowace gaɓa da ta gabanta. Yaya ba ya shiri da dogon suna. Tun farkon buɗe ofishin ya rubuta 'yan layukan umarni da ke datse sunan a kan ɗigon, su watsar da komai su riƙe gaɓar ƙarshe. Ya kira su Almakashi. Kai, yadda mutumin nan yake ji da Almakashinsa, ko baƙo ya zo sai ya nuna masa.

Auta kuwa ta daɗe da hango ɓarakar. In ka zubar da lambar asusu, ina injin zai san rumbun wa kake nufi? Duk asusun da kake ciki a lokacin, nan zai nemi mai wannan sunan. Har ta zauna ta rubuta gyaran: a warware sunan gaɓa-gaɓa, a gwada lambar asusun da ta inda ake ciki, in ba su dace ba injin ya ƙi motsi. Ta nuna masa sau ɗaya. Ya yi dariya, ya ce shekara da shekaru Almakashi yana yanka bai taɓa cire wa kowa yatsa ba, amma ta ga fuskarsa ta ɗan canza. Shi ya koya mata aikin nan tun ba ta san inda ake kunna kwamfuta ba, shi ya tsaya mata lokacin da Mama ta kwanta. Nauyinsa ya kama ta. Ta ture gyaran gefe, ta ce wa kanta sai ranar da ta same shi cikin nishaɗi.

Nishaɗin kuwa yana da shi, don ba ya wuni bai tsokane ta ba. In ya ga ta manta da abinci sai ya maƙale murya ya zama Mama: "Auta, kin ci wani abu kuwa, ko sai na taso?" Ita kuma kullum sai ta gyara masa, ta ce Mama ba ta jan "kuwa" ɗin haka, kuma a hanci take ƙarasawa. Su yi ta musu har ɗayansu ya ce bari a kunna a ji, sai aiki ya taso a manta.

Ranar da abin ya faru Auta tana asibiti wajen awo. Da safen Yaya ya ce yau kam zai huta da mitarta. Ya shiga asusun gida, ya cire kullen da ya sa wa rumbun Mama don ya fara sauko da saƙonnin. Bai kai ga farawa ba waya ta shigo daga wata makarantar koyon harsuna da suka gama aiki da ita. Shugabar ta ce a goge musu muryoyin ɗalibansu yau-yau, gogewar da ba a dawowa, iyaye sun tasa ta a gaba. Rumbun makarantar shi ma sunansa "sauti". To me za ka kira wurin ajiye sauti?

Ofishin yana da ƙa'ida guda da ba a taɓa karyawa: ba mai rushe komai sai ɗayan ya karanta tsarin da injin ya fitar ya ce to. Yaya ya ɗauki hoton tsarin ya tura mata. Tana kan benci tsakanin mata, ƙafafunta sun kumbura, katinta a hannu. Ta duba ta ga layi ɗaya: za a rushe "sauti". Almakashi ya yi aikinsa, babu yanki, babu lambar asusu. Wallahi tambayar ta zo mata, har ta fara rubuta "a wane asusu kake" ta tsaya. Ta tuna yadda fuskarsa ta yi rannan. Nas ta leƙo ta kira ta. Ta goge abin da ta fara, ta rubuta masa ya ci gaba.

Da ta hau matattakalar ofis da rana, shirun ta fara ji. Fanka a kashe. Butar shayi a wanke tas, an kife ta a kan tire. Yaya na zaune ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi, bai ɗago ba. A allon kwamfutarsa rumbun makarantar na nan lafiya lau, ko ƙwarzane bai yi ba.

Ba sai da ya faɗa ba ta gane, amma ya faɗa. Ya ce ya manta bai fita daga asusun gida ba, rumbun Mama injin ya rushe. Ya kira kamfanin gajimaren, ya roƙe su, an miƙa shi daga wannan zuwa wancan, kowa da ladabinsa, amsar dai ɗaya: irin gogewar da suka zaɓa ita ce wadda ba a dawowa, kuma kullen da zai hana an riga an cire. Ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Auta ta zauna a kujerarta. Ba ta yi kuka ba a lokacin, haushin kanta kawai take ji.

Ta jawo kwamfutarta ta buɗe gyaran nan da ta ture gefe, ta juya masa allon. Ya karanta shi daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama.

"Wannan ne kika nuna mini rannan?"

"Shi ne."

"Me ya hana ki matsa mini, Auta?"

"Nauyinka na ji, Yaya. Yau ma na so in tambaye ka asusun, na fasa."

Can ya ja kujera, da hannunsa ya cire Almakashi ya sa gyaranta. Ya gwada, yana cikin asusun gida ya ba da umarnin rushe rumbun makarantar. Injin ya ƙi, ya rubuto cewa lambar asusun ba ta dace ba. Wannan ɗan layin ne ya sa ta kuka, har mai gyaran firinta ya hauro ya ga ko lafiya.

Sun nema, ba a ce ba su nema ba. Goggo ta ce ita ba ta barin saƙo ya kwana a wayarta. Kawu ya canza waya ba sau ɗaya ba. Wata ƙawar Mama ta yi ta lalube ta turo musu wani abu da murna, ashe muryarta ce ita kanta tana ba Mama amsa. A ofis aiki ya ci gaba, makarantar ta samu gogewarta, Yaya ya daina maƙale murya. In ya ga ba ta ci abinci ba sai ya ajiye mata a gefen tebur ya koma wurinsa.

Mace ta haifa. Da aka sallamo su Yaya ya zo da hantsi, ya wanke hannu, ya karɓi jaririyar yana riƙe ta a ɗarare kamar za ta fashe. Ya daɗe yana kallonta. Sai Auta ta ji ya gyara murya, ya sunkuya kusa da ɗan kunnen, ya maƙale maƙoshi a hankali.

"Kin ci wani abu kuwa, ko sai na taso?"

Ya ɗago ya dubi Auta yana jiran ta gyara masa kamar kullum. Ta buɗe baki. Ta nemi muryar a cikin kanta, inda ta saba samunta, sai ta tarar da tasa. Ko Mama na jan "kuwa" ɗin, ko ba ta ja, ta kasa tunawa.

"Haka take faɗa?" ya tambaya.

"Haka ne, Yaya," in ji ta, ta miƙa hannu ta karɓi 'yarta.