Hoton Hajiya A'i a Kan Dokin Katako

Yaran da aka haifa mana a ƙasar nan suna da karatu, ban musa ba, amma ba su san iyayensu ba. Mutari ɗan marigayi Nuhu shi ne shaidata.

Ni da Nuhu tare muka yi aiki a wani filin wasa a bayan Paris, tun kafin a gina manya-manyan nan na yanzu. Turawa suna da sunan da suka ba shi, mai karya harshe. Mu Gidan Lilo muke ce masa. Akwai ɗan jirgin ƙasa mai zagaya tafki, da fadar sarki wadda in ka ƙwanƙwasa bangonta sai ta amsa kamar ƙwarya, da wani ƙaton kifi da ake shiga ta bakinsa a fito ta wutsiya. Ni ina bakin ƙofa ina yaga tike, Nuhu kuwa shi ke juya dawakan katako. An rufe wurin tun Mutari yana ƙarami, ciyawa ta cinye shi.

A shekarar 2009 Mutari ya riga ya zama injiniya a Lyon, yana zaune a Vénissieux da matarsa Leïla. Uwarsa, Hajiya A'i, tana nan Bobigny kusa da ni. Wata safiya ya kira ni. Tonton yake ce mini, wato kawu.

"Tonton Ilya, Leïla ta sauka. Namiji."

"Masha Allah! Ka gaya wa Hajiya?"

"Kausar ta gaya mata." Kausar ƙanwarsa ce, mai bi mata kuma Abdul'aziz.

"Yaushe za ka aiko mata da tike ta zo suna?"

"Kai dai ka zo, Tonton. Maman kuwa, non, ba za ta zo ba."

Na ce ya maimaita, kunnena ya tsufa.

"Tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba. Kausar, zo ki ci. Abdul'aziz, sa rigar sanyi. Ni kuwa sai 'kai', sai 'yaron can'. Ranar da na karɓi diplom, ce wa Kausar ta yi ta gaya mini an gode Allah, ga ni tsaye a gabanta!"

"Kai ɗan fari ne, sakarai. Kunya ce."

"Kunyar me? Sata na yi? Tun ina yaro ake mini wannan bayanin, Tonton. C'est fini, an gama. Ba zan bari ta yi wa ɗana irin kallon da take mini ba."

Na yi masa faɗa har salula ta yi zafi a hannuna. Ya saurara da ladabi, ya ce na gode, bai sauya ko kalma ɗaya ba. Haka suke: ba su zagi, ba su kuma ji.

A makon nan ne wata tsohuwar abokiyar aikinmu, Madam Alice, wadda a da take sayar da alewar auduga a Gidan Lilo, ta gayyace ni wani zaure a Paris. Mai hoton Gidan Lilo ya mutu, 'ya'yansa sun tarar da akwatunan hotuna, ita kuma ta tattara ta sa aka wanke su manya-manya ana nunawa. Na je ranar ƙarshe. Na tarar da tsofaffin Turawa tsaye gaban hoton kifin nan suna share hawaye. Kifin da ni na san warin cikinsa ranar da aka yi ruwa! Na ga kaina ma a wani lungu, da gashi cike da kai, da hula mai geza kamar ɗan sandan wasa. Ban tsaya ba.

A bangon ƙarshe na ci birki. Hoto ne wanda ya fi ƙofar ɗaki tsawo. Mace a kan dokin katako, ɗankwali ya zame baya, baki buɗe tana dariya, ta manna kumatunta da na wani yaro mai ƙiba da ta rungume. Can baya ga Nuhu, hannu a kan ƙarfen inji. Na cire madubin ido na goge, na mayar. A'i ce.

Washegari na hau bene wajenta. Muka gaisa, na yi mata barka, ta amsa kamar labarin haihuwar maƙwabta ne, idonta kuwa ya kumbura. Na ba ta labarin hoton, ina zaton zan faranta mata.

Ta ajiye buta. "Ni? Da yaron can?"

"Ke da shi, Hajiya."

"A hannuna?"

"Kumatu da kumatu. Har haƙoranki na ƙirga."

"Innalillahi! Mutane sun gani?"

"Turawa layi suka yi."

"Malam Ilya, tashi mu je a cire shi."

"Ai an kwashe jiya. An tafi da su wani gari."

"Wane gari?"

"Lyon."

Ta dafe ƙirji. Iyayen Leïla a Rillieux suke, gefen Lyon, mutanen Tahoua ne, kuma uban ba ya barin taro ya wuce shi. "Surukaina za su gan ni baki buɗe kamar 'yar wasan gangi? Wallahi ko da ƙafa sai na je."

Matar da ba a gayyata suna ba, ita ce ta ɗauki jaka ta ja ni har tashar jirgi. A cikin jirgin ƙasan TGV ba ta ci ba, ba ta sha ba, tasbaha kawai take ja. Ni kuwa na lallaɓa tsakanin taragu na kira Mutari, na ce na iso, ya zo ya ɗauke ni a zaure kaza. Ban yi ƙarya ba. Ban dai ƙirga masa mu nawa ne ba.

Muna shiga zauren ta wuce kifi, ta wuce fadar sarki, ta tsaya gaban kanta. Ta dube shi daga sama har ƙasa. Sai ta juya masa baya, ta ware mayafinta da hannu biyu ta tare. Hajiya gajeriya ce. Iyakar abin da ta rufe ƙafafun doki ne.

Mai gadi ya matso. "Madame, on ne touche pas."

"Ka gaya masa ban taɓa ba," in ji ta. "Tsayuwa ma haramun ce?"

Ana cikin haka Mutari ya shigo yana kaɗa makullin mota. Ya gan ni, ya ga uwarsa da hannaye a shimfiɗe kamar mai shanya, ya ɗaga kai. Makullin ya daina motsi.

"Ga Papa can baya," ya ce a hankali. "Maman, wannan ke ce?"

"Ba ni ba ce."

"Wane ne yaron?"

"Yara sun yi yawa a wurin."

Madam Alice ta taho da gudu ta sumbace ni nan da nan, abin da na hana ta tun muna aiki. Da ta gane Hajiya sai ta tafa hannu, ta juya ga Mutari tana zuba Faransanci. Ta ce ta tuna ranar sarai, ranar da ake barin iyalan ma'aikata su shiga kyauta. Ta ce matar nan ta ƙi sauka, doki ya tsaya ta ce a sake, ya tsaya ta ce a sake, tana yi wa yaron waƙa a kunne, har Nuhu ya ce za ta sa a kore shi.

Hajiya tana jin Faransanci in ta ga dama. "Ubansa ne ya ce in riƙe shi kada ya faɗo," ta ce da ni.

"Da kumatu ake riƙe yaro, Hajiya?"

"Malam Ilya, kai ka jawo duk wannan, ka yi mini shiru." Hannayenta suka gaji, mayafin ya sauko. Ta dubi ƙasa. "Sai da na duba ko'ina ranar. Babu Bahaushe ko ɗaya a wajen dawakin sai ubansa, kai kuma kana can bakin ƙofa. Wa ya san da wani mai hoto a bayan itace?"

Mutari ya daɗe yana kallonta. "Wato in ba kowa, haka kike?"

Ta gyara ɗankwalin da bai zame ba.

Ya ja Madam Alice gefe. Ta yi ta kaɗa kai, wai shi ne hoton da ya fi kowane kyau, shi kuma ya yi ta magana, har ta ɗaga hannu ta kira mai gadi ya kawo tsani. Mutari ya dawo.

"Maman, za a sauke. Amma gidana za shi."

"Ba a falo ba."

"To sai ki zo ki zaɓi bangon da kanki. Gobe suna, akwai baƙi da yawa, kada in rataye shi inda bai kamata ba."

Ta dube ni. "Gaya wa yaron can ya kawo motar kusa, ƙafata na ciwo."

Na buɗe baki zan isar da saƙo. Ya ce, "Na ji, Tonton," yana dariya yana goge ido da bayan hannu.

Muka ɗaure hoton a saman mota, muka bi hanyar Vénissieux a hankali kamar masu rakiyar amarya. Hoton bai shiga lif ba, sai ta matakala ni da Mutari muka hau da shi, Hajiya tana gaba tana tabbatar an juya fuskarsa bango. Ta zaɓi bayan ƙofar ɗakin kwana, inda sai an rufe ƙofa ake ganinsa.

Sannan ta wanke hannu ta karɓi jaririn daga Leïla. Nan kuwa babu kunya, jika ne. "Angona! Dubi ƙaton kai. Da me ka zo mini? Ko goro babu?" Ta sumbace shi har ya tsala kuka, ta ƙara. Mutari yana jingine da bango yana kallo. Ta ɗago ta yi masa duba ɗaya, gajere, ta mayar da ido kan jaririn.

"Leïla," ta ce, "ki riƙa ba mijinki abinci. Ya rame."