Shuɗin Zare a Wuyan Gora

Wani dare Lado ya farka da jin huci a ɗakin, siriri kamar na maciji a rami. Ya kasa kunne. Daga ƙarƙashin gadon Ghali yake fitowa, saurayin da suke ɗaki ɗaya, shi kuwa yana ta minshari.

Lado direba ne, ya manyanta, amma a Manfuha, unguwarsu a birnin Riyad, da kunun zaki aka san shi. Geron ma daga gida masu zuwa umara suke kawo masa, don a cewarsa geron da bai sha ruwan saman Katsina ba bai san kansa ba. Kowace gora yakan ɗaura mata shuɗin zare a wuya don a dawo masa da ita.

Samarin gidan sun fi son bira ta baƙala, kantin unguwa, wato ruwan sha'ir marar maye da ake shigowa da shi a gwangwani. Wannan ya ce mai tuffa ta fi, wancan ya ce mai lemo.

"Abin da ya yi watanni a jirgin ruwa kuke yabo?" in ji Lado.

"Baba, naka fa kwana ɗaya ya yi tsami," sai su sa dariya.

Ghali kaɗai ke tare masa. "Rabu da su, Baba, harshensu ya mutu." Duk mako yakan kwashi gorori, wai abokan aikinsa a wurin gini ke so. Lado ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa saboda wannan.

Yana cikin tunanin ko aljanun Riyad ma suna huci, sai wani abu ya fashe, tas, kamar taya. Ruwa ya malalo har bakin ƙofa. Wari ya tashi, irin wanda yake toshe wa hanci yana yaro idan ya bi ta bayan gidan burkutu.

Ya kunna fitila, ya jawo kwalin da ke ƙarƙashin gadon. Gorori ne sun kumbura, ga ledar sukari, ga yis. Kowacce da zarenta.

"Ghali, su wa ke shan wannan?"

"Baba, sassauta murya."

"Na ce su wa?"

"Wasu ne a unguwar Ulaisha." Ya sunkuyar da kai. "Sun ce ta fi giyar da ake shigowa da ita a ɓoye."

"Ko zaren ba ka cire ba?"

"Shi suke dubawa. In babu shi ba sa karɓa."

Lado ya zauna a bakin gado. Babu wanda bai san zaren nan ba a unguwar, har kafilinsa, maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya taɓa shan kunun. In gora ɗaya ta faɗa hannun shurɗa, 'yan sandan ƙasar, iƙamarsa ta zaman ƙasa ta tafi, a mayar da shi gida da sunan mai giya, da furfurarsa. Ya tuna yadda Ghali ke lumshe ido yana yaba kunun, sai ya ji wannan ya fi yi masa ciwo.

Aka turo ƙofa. Maiwada ne, maƙwabcinsu mai kiran salla, ƙarar ta tashe shi. Ya shaƙi iska, ya dubi ƙasa, ya duƙa ya ɗauki wuyan gorar da ya faɗo kusa da ƙafarsa.

"Baba Lado," ya ce a hankali, "wannan ba zarenka ba ne?"