Ƙishirwar Rahila

Sharifuddeen, mai jawabi, ya ratsa Sudan da Kwango da bakinsa, yana shirin haye teku, lokacin da Rahila ta ji ciwon ya fara taɓa mata gwiwa. Ta san irin wannan sallamar. Tun tana ƙarama sikila ke ziyartarta haka, kuma likita ya sha gaya mata cewa in ta yi wasa da shan ruwa, sai gadon asibiti.

Taron ɗalibai ne a kan zaman lafiya da adalci a duniya. Masu shirya shi, Allah ya ba su lada, sai suka sa shi bayan azahar, cikin azumi, a zafin Sakkwato da fanka ma wuta take hurawa. Rahila ce za ta yi magana bayan Sharifuddeen, a madadin ɗalibai Kirista. Gorar ruwanta na cikin jaka tun safe, ko murfin ba ta taɓa ba. Babanta, malamin makaranta ɗan Filato, haka ya rene su: ba a ci ko sha a idon mai azumi. Fita kuwa, a tsakiyar jawabin Musulmi, sai a ce fushi ta yi.

Ummulkhairi, ƙawarta 'yar Ƙofar Taramniya da suke ɗaki ɗaya, ta kalli yadda take matsa gwiwa.

"Ke, mi as same ki?" ta raɗa mata. "Kin sha ruwa yau?"

"Zan sha in an tashi."

"In an tashi? Wanga mutum bai ko kai rabi ba. Wa ac ce ki ɗaukam muna azumi?"

"Ummu, dubi bakin mutane. Kunya nake ji."

"Kunyar ta kai ki asibiti, ni kuma in sha ruwa a bakin gadonki? Wallahi ban iyawa."

Da ƙyar dai Sharifuddeen ya kai ƙarshe, aka tafa, aka kira sunan Rahila. Ta tashi a hankali ta hau mumbari. Ta yi gaisuwa, ta buɗe baki za ta ci gaba, harshe ya manne. Ta dafa teburi da hannu biyu, tsoro ya kama ta sosai.

Ummulkhairi ba ta nemi izinin kowa ba. Ta zaro gorar daga jakar, ta taka har gaba, ta buɗe, ta danƙa mata a hannu.

"Sha," ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Azumina bai buƙatar ƙishirwarki." Ta juya ga jama'a. "Sikila gare ta. Don ku taƙ ƙi sha tun sahe."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Dakta Siddiƙu, dattijon malamin da ke shugabantar zaman, ya jawo makirfo gabansa.

"A jira ta," ya ce.

Rahila ta kai gorar baki, ta kurɓa kaɗan, ta yi saurin saukewa tana sunkuyar da kai. Hawaye ya zubo mata.

Daga can baya wani saurayi ya ɗaga murya, a dishe don ƙishi.

"Ƙara, 'yar'uwa, ba mu sauri. Magariba da sauran nisa."

Ta sake ɗaga gorar. Wannan karon ba ta sauke ba sai da ta ga ƙarshenta.