Jinka a Ƙasa

Barmo mutum ne mai gaggawa. Allah Ya maido shi lafiya, amma gaskiya sai na faɗe ta. Kowa a ƙasar Falanko ya san ba a sauke tsohuwar jinka sai masu ɗaga sabuwa sun cika tsakar gida. Shi kuwa ko hantsi bai yi ba ya hau ya tunkuɗo tasu, wai don 'yan gayya su tarar an rage musu aiki. Kafin ta kai ƙasa ta wargaje, don gara ta riga ta cinye karan.

Sabuwar tana zaune a gefe, an gama baibaye ta da shuci. Wata biyu matarsa Raliya ta yi tana yanta ciyawar nan har tafin hannunta ya tsage. Ɗakin na uwarsa ne, Inna, makauniya, wadda ciwon ƙirji ya kayar tun bazara. An fito da ita rumfa an kwantar kafin a ɗora. Gidan gona ne, nesa da gari, kuma ɗakin ke nan ɗaya tilo. Su Barmo da ma a rumfar suke kwana.

Mu mata shida muka zo taya Raliya tuwon gayya. Muna cikin tuƙi sai ga Maigari shi kaɗai, yana dogara sanda. Ya ce sojan Nasara sun sauka gari da safe, sun kwashe duk namiji mai ƙarfi zuwa aikin hanya. Barmo ya je kiran mutane, aka haɗa da shi.

Raliya ba ta yi kuka ba. Gabas ta duba, mu ma muka duba. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, rumfar kara kuwa ko yayyafi ba ta tarewa.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kada wanda ya gaya wa Inna. In ruwa ya dake ta, ko ta ji an tafi da shi, ba za ta kai gobe ba. Baba Maigari, mu za mu ɗaga."

Ya ce, "Haba 'yar nan, yaushe mace ta ɗaga jinka? Maza goma sha biyu ke yi, su ma da nishi."

"To, nemo mini su, Baba."

Muka ɗaure zannuwa muka kewaye jinkar. Karo na farko ko gwiwa ba mu kai ta ba. Na biyu muka kai ta ƙirji, Raliya tana cewa, "Don Allah ku ƙara, saura kaɗan!" Ba kaɗan ba ne, bangon ya fi mu tsawo. Na uku sai da bakinta ya taɓa bangon, iska ta shiga ƙarƙashinta ta kwashe mu gaba ɗaya. Mariyama, ɗaya daga cikinmu, ta faɗi a kan hannunta, ta kasa tashi. A raina na zagi Barmo, na zagi soja, har Maigari bai tsira ba. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba.

Ruwa ya fara sauka manya-manya, Inna ta soma tari a rumfa.

Raliya ta ce, "Ku ɗaga mini gefe ɗaya kawai."

Muka ɗaga, ta tokare da turmi. Muka jawo Inna a kan tabarmarta muka tura ta ƙarƙashi, ni da Raliya muka bi ta da rarrafe, sauran suna tara rairayi a gindi don kada ruwa ya malalo. Ciki duhu, sai ƙamshin sabuwar ciyawa. Ko ɗigo bai shigo ba, aikin Raliya ya yi kyau.

Da tarin ya lafa, Inna ta ce, "Yaron nan ya ɗora?"

"Ya ɗora, Inna."

"Madalla. Allah Ya yi masa albarka."

Ta miƙa hannu tana laluben bango don ta jingina. Ba bango. Ta ɗaga hannun sama, ya taɓa ciyawa, kamu ɗaya daga fuskarta. Ta daɗe tana shafa ta.

Inna ta ce, "Raliya, ina ɗana?"